Launin Zabuwa Kafin Marina

Makon jiya Lawali ya kira ni daga Yamai. Tare muka yi lakol a Agiye. Shi ya zama mai shirya baje kolin zane-zane a babban birni, ni na zama mushe, wato malami, mai koya wa yara riƙe buroshi a garin da muka yi karatun. Ya ce zanukan fentin da na tura mashi hotunansu sun samu shiga, amma da sharaɗi: in rage masu launi. Kasuwar Gangara na zana yadda take, da hijabai ruwan hoda, da jarkoki rawaya, da butocin roba kore shar. Ya ce masu zuwa kallo sun riga sun san ƙasarmu, ruwan ƙasa suke nema da ɗan shuɗin baba.

"Ka ɗan bi kansu da fenti mai duhu sama-sama, Mushe. Ka san irin wannan dama ba ta biyowa ta Agiye kullum."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Furfura ta fara mani sallama, ban taɓa rataye zane a bangon da ba na gidana ko na aji ba. Na ajiye wayar, sai Kaka Hajo ta faɗo mani a rai.

Mahaifiyar babanmu ce, sana'arta ɗaurin ƙyalle. Takan sa ƙwayar dawa a farin yadi ta ɗaure da zare, ɗaya bayan ɗaya, a kai marina. In an rine an kwance, duk inda aka ɗaure sai ya fito fari tas cikin shuɗi. Bayan girbi, in an ci tuwo, takan tura kara a murhu wuta ta tashi, ta shimfiɗa mana yadin a cinya, ni da yayata Rabi da sauran jikoki, ta ajiye ƙoƙon dawa a tsakiya. Daga baya na karanta a littattafai cewa wannan zama sunansa adabin baka. Mu a lokacin aikin ɗauri muka san shi.

"Ga ta nan tafe gare ku," in ji ta. "Wanda hannunsa ya tsaya, ya toshe kunnensa."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Zabuwa. Wai a da Zabuwa tana da wani launi da babu tsuntsun da ke da irinsa. Aka gayyace ta biki a birni, ta ƙulla guzurin dawa a cikin gashinta ta kama hanya. Ta gamu da Hankaka, ya ce in ta shiga birni a haka za ta fi amarya, kuma ba a yafe wa baƙo wannan. Ta ratse marina aka tsoma ta. Ta gamu da Shamuwa, wadda ta yi yawon duniya, ta ce mata mutanen birni sun san kamannin tsuntsuwar daji, kuma ita ba ta yi kama da ita ba tukuna. Ta koma aka ƙara tsoma ta. Haka ta yi ta yi, duk mai ba ta shawara masoyinta ne, har marinin ya ce ba sauran inda baba zai kama.

A ƙofar birni ta kwance guzurinta, sai ga ɗigon fari duk inda ƙulli yake. Aka karɓe ta hannu biyu, aka zaunar da ita kusa da amarya, ana cewa ga tsuntsuwar daji ta ainihi. Ta ci shinkafa ta ƙoshi. Da ta koma gida uwarta ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Shi ya sa har yau Zabuwa take yawo tana ƙara, kiran uwarta take yi.

Ina shiga lakol na gano tatsuniyar tana da ɓaraka, kuma ban iya ɓoye ilmina ba.

"Kaka, ai inda aka ɗaure rini ba ya shiga. Ke nan asalinta fara ce."

"Da fara ce wa zai tare ta a hanya? Wurin koɗewa ya yi, ɗaurin ya yi tsauri. Irin naka da ke yaga mani yadi."

"To wane launi ne?"

"Je ka tambayi marinin."

"Yana ina?"

"Ya rasu tun kakana yana goye. Ango, in ka ƙara tambayata yaji zan yi, in bar ka da ƙoƙon dawa."

Ango take ce mani, wasan kaka da jika, amma ni ba da wasa nake ba. Nakan kwanta ina cin rai. Na yi ta sato guntayen alli masu launi daga aji, ina zana Zabuwa a bangon rumbu, yau ja, gobe algashi, jibi in haɗa su. Sai Kaka ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu, ta daɗe tana kallo kamar sufeto ya zo duba aji, sannan ta ce, "Ka yi kusa. Ba shi ba ne." In aka tambaye ni inda na koyi haɗa launi nakan ambaci makarantar horon malamai, don ta fi daɗin faɗa.

Ina yaro na ɗauka rowa take mani. Yanzu na fi zaton ita ma ba ta sani ba, kuma abin da take nufi ke nan: abin da aka rufe don a faranta wa baƙo, ko 'yan gida sai su manta shi. Na yarda. Sai dai tsohuwar ta tafi ta bar ni da rabin darasi. Zabuwa dai ta shiga biki, ta ci shinkafa, har ana ba da labarinta. Tsuntsuwar da ta ƙi ratsewa marina fa? Ba ta da tatsuniya. Wataƙila tana can daji da launinta, babu wanda ya san an yi ta.

Shekaranjiya na kira Lawali na ce a yadda zanukan suke zan aiko su. Ya ce zai duba, da irin muryar da ni ma nake ce wa iyayen ɗalibai zan duba.

Suna nan jingine a ɗaki. Jiya Rabi ta zo daga Gangara ganin likita, ta tsaya gaban babban cikinsu, ta sa yatsa kan wani hijabi ruwan hoda.

"Wannan ai Zali ce mai ƙuli-ƙuli. Ko fuska ba ka yi mata ba, amma ita ce."

Na ji daɗi ƙwarai. Ta gyara mayafi, ta ja da baya ta sake kallo.

"Sai dai koren nan ya yi yawa. Ka ɗan rage shi."