Ƙasa Uku daga Gaɓar Kogi

Ƙanwata ta yi karatun ginin tukwane na zamani a Hartum. Da yaƙi ya tashi sai ta dawo ƙauyenmu, kusa da Damazin, da jaka ɗaya. Tanderun lantarkinta da duk abin da ta gina can ta baro su.

Ta daɗe ba ta taɓa yumɓu ba. Sai wata safiya da rani, ruwan kogi ya ja baya, ta same ni ina wanki.

"Yaya, ki raka ni gaɓa," in ji ta. "Ki ɗauko fartanyar Baba."

A gaɓar nan na girma, can nake ɗibar ruwa tun ina yarinya, amma ban taɓa tsayawa na dube ta ba. Ranar ta tsayar da ni gaban inda ruwa ya zaftare ƙasa. A sama baƙar laka ce, irin wadda muke shuka dawa a kanta. A ƙarƙashinta ja. Can ƙasa kuma wata fara-fara mai ƙyalƙyali. Ta gutsiro jar ta ɗora a harshe.

"Wannan daga duwatsun Habasha ruwa ya kawo ta," ta ce. "Tun ba a haifi kakanninmu ba take kwance a nan."

Mun yi ta kwasowa a buhu har rana ta take.

Ta jiƙa kowace daban, ta tace, ta kwaɓa da ƙafa. Da hannu kawai ta gina tukwane uku, tana ɗora wata ƙasa a kan wata. Inna ta leƙo ta tambaya ko zir ne, wato randar ruwa.

"Ba za a zuba komai ciki ba, Inna. Na kallo ne."

Inna ta koma madafa.

A rami muka gasa su, da kashin shanu da karan dawa. Biyu suka fashe, domin kowace ƙasa da yadda take karɓar wuta. Da toka ta huce muka ciro ta ukun. Gindinta fari mai ƙyalli, cikinta ja kamar garwashi, bakinta baƙi ya yi tsaga-tsaga kamar gona a tsakiyar rani. Inda hayaƙi ya lasa ya bar wata inuwa, sai ka ce hadarin farkon damina.

Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da mu tsugune. Ya daɗe yana shafa bakin tukunyar da yatsa.

"Wannan ai gonata ce ta gabas," ya ce a hankali.

Daga baya ƙanwata ta sami wurin aiki a Alƙahira, ta tafi da ɗan buhun jar ƙasa. Tukunyar tana ɗakin Inna, ita ke goge mata ƙura, kuma ba ta yarda jikoki su matsa kusa.