Ranar da Kofi Ɗaya ya jira na uku

Labari ya cika tashar Agadas wai jaki ya wuce motar Alkasum a hanyar Ingal, har mai jakin ya waiwayo ya ce, "Shofer, in kawo igiya in ja ka?" Wannan ƙarya ce, kuma ni Illiya zan gyara ta, tun da ina cikin motar. Ba jaki ba ne, raƙumi ne. Mai raƙumin kuwa bai ce uffan ba, kallon tausayi kawai ya yi mana.

Alkasum taubashina ne, ɗan Gwaggo Kadidia ƙanwar babana, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. Tare aka sa mu lakwal, makarantar boko, tare muka gudo, sai dai ya riga ni kai ƙofa. Tun daga ranar bai sake tsayawa ba. Ya yi karen mota, ya sami permi na tuƙi, ya kama hanyar Adarbisanat, yana kai mutane da kaya, yana dawowa da cuku da awaki.

Wanda bai ga tuƙinsa na da ba, bai ga abin mamaki ba. Salula a kunne, tsire a takarda bisa cinya, gwiwa ce ke juya mota. Na rantse fren ɗinsa, wato birki, ya yi shekaru yana sabo fil, don ba a taka shi.

Kowa ya san in an ɗora shayi a garin nan kofi uku ne, kuma mutum ba ya tashi sai an zuba na ƙarshe. Alkasum na farko kaɗai ya sani, mai kauri da ɗaci. A tsaye yake kurɓe shi, inji na kunne, kafin a sake zuba ruwa a buta ƙurarsa ma ta kwanta. Shi ya sa tasha ta raɗa masa Kofi Ɗaya.

Wata shekara ya kai Gwaggo gaisuwar rasuwa Adarbisanat. Da suka dawo ta sauko, ta gyara mayafinta, ta ce, "Ni da motarka sai dai in ganta daga nesa." Ba ta yi faɗa ba. Duk tafiyar da ta kama ta, sai ta ratsa tasha a gaban idonsa ta shiga motar ɗan wata. Mu muna dariya, shi ma yana taya mu, amma na lura ranar da hakan ta faru ba ya cin abincin rana.

Bara da rana tsaka, yana cikin gudu, duhu ya rufe masa ido. Mota ta bar gudro, wato kwalta, ta nutse cikin rairayi. Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo. Likita ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta sake dubawa, ta ce tansiyo ce, hawan jini, irin wadda ba ta sallama kafin ta kayar da mutum. Ta ba shi magani, ta ce ya rage gishiri, ya riƙa barci, ya riƙa tafiya a ƙasa, kuma ya bar shayi mai kauri.

Tafiyar ƙasan da farko abin kallo ce. Bayan asuba yakan ratsa lungunan tsohon gari kamar wanda ya sato akuya. A hankali ƙafar ta yi sanyi. Ya fara tsayawa gaida maƙera, ya gano wani tsohon maƙwabcinsa ya daɗe a kwance bai sani ba.

Shayin ne ya fi gyara shi. Tun da an hana shi na farko, na ukun kawai ya rage masa, mai sauƙi, kuma na uku ba ya samuwa sai an zauna. A zaman jiran nan ne ya ji ƴarsa Zulaiha na karanta littafi da Faransanci, ya tambayi matarsa yaushe ta iya. Matar ta ce tun yana hanya.

An kai wa Gwaggo labari wai ya sauya hali, ta ce ita ba ta sayen kaya da kunne. Sai ga suna ya kama a Ingal, an yi mata jika. Alkasum ya zo ya tsuguna. "Inna, ki bari in kai ki." Gwaggo ta sa aka ɗora shayi, ta hana a hura gawayin. Ni da ke zaune sai da bayana ya ƙage. Aka zuba na farko, ya miƙo mini. Na biyu ma haka. Bai dubi salula ba, bai dubi ƙofa ba. Da ya shanye na uku ya ajiye kofi, Gwaggo ta ɗauki mayafinta ta ce, "Buɗe mini gaba."

Da muka fita gari hannunta ɗaya na riƙe da ƙofa, ɗaya na jan carbi. Can sai carbin ya tsaya, kanta ya kwanta jikin kujera. Muka iso inda hanya ta lalace, Alkasum ya riƙa lallaɓa ramuka ɗaya bayan ɗaya. Nan ne raƙumin ya wuce mu.

Na leƙo daga baya na ce, "Kofi Ɗaya, a haka sai mu tarar jaririn ya yi gemu."

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Rage murya, ɗan nema. Tun ina karen mota nake son ganin tsohuwar nan ta yi barci a gefena. In sauri kake, sauka ka bi raƙumin, dama kun fi kama."