Koriyar Ƙofar Gidan Muttaka

Duk wanda ya ci masa a unguwar Mansur ta Makka ya san Rakiya, kuma da wuya a ce bai sha zaginta ba. Gajera ce, baƙa, da zanen Gobir a kumatunta, muryarta kamar ana jan tukunya a kan siminti. Bayan la'asar take fitowa ta zauna a bakin wani lungu, tanda a gabanta, bokitin ƙullu a gefe. Tun ina rubuta waƙa nake sayen masarta. Ta taɓa gaya mini cewa takardar da take naɗe masa ta fi tawa amfani.

Daga Tasawa ta zo umara ita da mijinta Maman, fiye da shekara talatin ke nan. Maman ya kwanta ciwo bayan ƙaramar salla, ya rasu, aka sallace shi a Harami, aka binne shi a ƙasar Makka. Ranar da jirgi ya tashi da abokan tafiyarsu, Rakiya tana unguwar Jarwal tana wanke tukwane a gidan mahajjata. Ba ɗa, ba dangi, ba iƙama, wato takardar zama. Buri guda ta riƙe: ta mutu a nan, a sallace ta inda aka sallaci Maman, ta kwanta cikin ƙasar da ya kwanta. Ba ta roƙi Makka komai ba sai wannan.

Matan lungun, masu fura da ƙosai da yaji, yawancinsu ba su da takarda, kuma suna da tsarinsu. Rakiya ce a bakin hanya, ita ke fara hango motar masu kame. Da ta hango sai ta buga cokali a gefen tanda. Kowace mace ta kama kusurwoyin zanen da ta baza kaya, ta ɗaure, ta sunkuya cikin lungu. A can ƙurya akwai wata koriyar ƙofa, ƙofar baya ta gidan marigayi Alhaji Muttaka, wanda mahaifinsa ya taka daga ƙasar Hausa har Makka. Zuriyarsa 'yan ƙasa ne, amma tsohon ya bar wasiyya kada a sa wa ƙofar nan sakata tsakanin la'asar da isha. Mata su shige, su zauna a tsakar gida, mota ta wuce. Rakiya ce ta ƙarshe a shiga, tana jan gwiwa tana zagin na gabanta. Ba wanda yake zancen ƙofar nan, ko a lungun.

Sai ga Lujain, jikar Muttaka, ta dawo daga karatu a Jidda da kyamara a wuya. Hausarta a karye take, rabi Larabci. Ta durƙusa gaban tanda ta ce tana haɗa fim a kan baƙaƙen Makka, tarihinsu da abincinsu da yadda suka zo.

"Ya hala," in ji ta, haka suke kiran 'yar'uwar uwa, "tun ina ƙarama, duk fim ɗin da na gani, baƙi ko bawa ne, ko abin dariya, ko mai tsaron ƙofa. A madrasa ana tambayata yaushe zan koma garinmu. Ina so su gan mu."

"Su gan mu?" Rakiya ta juya masa a tanda ba ta ɗago ba. "Ke ɗiya, tun ba a haife ki ba nake aikin kada a gan ni. Kau da wagga aba daga fuskata kafin in zuba mata ƙullu."

"Wallahi zan rufe fuskoki. Ba wanda zai gane ki."

"Mi kika sani? Ke da katin 'yan ƙasa a jaka. Tahi ki ɗauki raƙuma."

Amma jikar Muttaka ce, kuma wanda yake fakewa a gidan mutum ba ya iya korar jininsa. Lujain ta yi ta zuwa, ta yi ta shan zagi, har Rakiya ta gaji ta ce ta ɗauki hannu da tanda, ta bar mata fuskarta.

Wata rana Lujain tana saman gidansu tana ɗaukar lungun, sai mota ta ɓullo. Cokali ya bugi tanda. Zannuwa suka naɗe kamar furanni da rana ta faɗi, mata suka kwarara cikin lungu, koriyar ƙofa ta haɗiye su, ta ƙarshensu tana ɗingishi. Na ga wurin nan a fim ɗin, kuma ba zan yi ƙarya ba, yana da kyau. Kyansa ne ya yi ɓarnar. Lujain ta cika alkawari, ta shafe kowace fuska har ta zama kamar hayaƙi. Ƙofar kakanta kuwa ta bar ta sarai, da launinta da tsatsar da ke jikinta, ta ɗora murya a kai tana bayanin wasiyyar. A wurinta wannan abin alfahari ne. Tun tana rarrafe take ganin ƙofar a buɗe, ba ta taɓa tunanin ita ma fuska ce da ake ɓoyewa ba.

Aka nuna fim ɗin a wani taro a Jidda. Mutane suka tafa, wasu suka yi kuka, masu rubutu suka ce ga murya ta fito daga inda ba a saurara. Masu tafin suka koma gidajensu masu sanyi. Kafin a jima wani ya yanko wurin ƙofar ya watsa, ya shiga kowace waya a Mansur.

Mukhtaru, mahaifin Lujain, ma'aikaci ne, kuma ya san hukuncin wanda aka samu yana ɓoye marasa takarda. Da ya ga ƙofarsa tana yawo a duniya, ya kira maƙeri ya sa mata kwaɗo daga ciki, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce wasiyyar ubansa ba za ta ciyar da 'ya'yansa ba idan aka kulle shi. Ban ce ya kyauta ba, ban kuma ce ni da zan yi wani abu daban ba.

Ina tsaye ina jiran masa ranar da Lujain ta zo, idonta a kumbure.

"Ya hala, na cire fim ɗin. Na roƙi Baba. Samhini, ki yafe mini."

"Kin cire daga ina? Daga wayar mai kayan miya? Daga ta direban da ya nuna mini jiya yana dariya?"

"Ni don a girmama ku na yi."

"An girmama mu. Ga shi nan girman ya toshe ƙofa." Rakiya ta nuna ta da cokali. "Kin ce ba ki son ganin baƙi yana tsaron ƙofa. Kakanki tsaron ƙofa ya yi har ya mutu, kuma ya fi ku duka. Ke kin samu tafi, ubanki ya samu kwaɗo. Ni mi na samu?"

Lujain ta miƙa hannu za ta taɓa ta. Rakiya ta janye.

"Kada ki ƙara ce mini hala. Uwarki ba ta da 'yar'uwa mai saida masa."

Ta juyo kaina: "Kai kuma Malam, kallo ka zo ko saye?"

Wasu matan suka bar lungun, suka koma unguwar Ka'akiyya suna dafawa a ɗaki. Rakiya ta ƙi. Nan masu sayenta suke, gwiwarta kuma ba ta hawa mota kullum. Ta ci gaba da zama a bakin hanya, tana kallon titi da idon da ya saba.

Motar ta zo wata Laraba, ana dab da magariba. Rakiya ta buga cokali, da ƙarfi, har matan da suka rage suka samu suka watse ta wasu hanyoyi. Ita kuma ƙafarta ta kai ta inda ta saba kai ta. Waɗanda suka gani sun ce ta tsaya gaban koriyar ƙofa, ba ta ƙwanƙwasa ba. Daga ciki ana jin Lujain tana jijjiga kwaɗo tana kiran ubanta, shi kuwa yana wurin aiki da makullin. Rakiya ta ce ta cikin ƙofar, "Bar wahalar da kanki." Masu kame ba su yi mata tsawa ba. Aikinsu suka yi, ɗaya ma ya riƙe mata hannu ta hau.

Aka tsare ta a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, daga nan sai jirgi. Ba ta samu ta yi ɗawafin bankwana ba.

Yanzu tana Tasawa, a ɗakin wata jikar ƙanin Maman wadda ba ta taɓa ganinta ba sai yanzu. Mukan yi waya jefi-jefi. Ta ce ruwan garin ba ya tayar mata da ƙullu, kuma makabarta tana bayan gidan, kullum tana ganinta ta taga. Ta ce fim ɗin ya riga ta isa. Matasan unguwa sun kawo mata waya suna nuna mata matan Makka, suna cewa dubi haɗin kai, dubi tarihi. Ta nuna mai ɗingishin nan ta ƙarshe ta ce ita ce. Suka dubi hayaƙin da ke wurin fuskar, suka dube ta, suka yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Na ce mata Lujain tana neman lambarta.

"Kada ka ba ta," in ji Rakiya. "In ka shiga Harami ana sallar gawa, ka tsaya ka yi. Ko ta wa ce."