Yadda Mutuwar Wata Ƙungiyar Ƙwallo a Romaniya Ta Mayar da Ni Maƙaryaci a Bronx

Assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya same ni, direban tasi ne ni a New York, ina zaune a University Heights cikin Bronx, na ɗan haura shekara talatin, ban yi aure ba. Haifaffen Jos ne ni, kuma kafin in kama sitiyari ƙwallo ce sana'ata. Ina saurayi wani dillalin 'yan wasa ya kai ni Romaniya, na buga wa wata ƙungiya a wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal, ina tsaron baya, har ranar da na ji mummunan rauni a gwiwar hagu ana tsakiyar wasa. Aka yi mini aiki, ƙafar ba ta koma daidai ba, na bar ƙasar da baƙin ciki. Tun daga nan na cire raina daga kan ƙungiyar da mutanenta. Ban ƙara neman labarinsu ba, rigunana da hotunana kuwa duk sun salwanta a yawon da na sha kafin Allah ya kawo ni Amurka.

A Bronx na samu abin da ya sanyaya mini zuciya. Duk Asabar nakan tara yaran mutanenmu, 'yan Gana da 'yan Nijar da namu na Najeriya, in koya musu ƙwallo a wani fili kusa da gida. Ina yi musu Hausa suna amsa mini da Turanci, amma muna fahimtar juna. Iyaye suka sa mini suna Koci, kuma kowa ya san na taɓa bugawa a Turai, domin ban taɓa ɓoyewa ba. A bakin filin nan na haɗu da wata baiwar Allah 'yar Damagaram, mai aikin kula da tsofaffi, wadda take rako ɗan yayarta. Muka daidaita. Waliyyinta a nan shi ne kawunta, wani dattijo mai shagon kayan abinci a Concourse Village wanda kowa ke kira Alhaji. Na je na gaishe shi, ya karɓe ni hannu biyu, magana ta yi nisa har an fara zancen sa rana.

A wajen wata walimar suna abin ya lalace. Akwai wani mai shagon waya da ke jin haushina saboda na ajiye ɗansa a benci ban sa shi wasa ba. Muna cin abinci ya tambaye ni sunan ƙungiyar da na buga wa, na faɗa masa ba tare da tunanin komai ba. Ya latsa wayarsa, ya karanta da ƙarfi kowa na ji cewa an kafa ƙungiyar ne bayan na riga na zo Amurka, kuma ma ba a garin da nake faɗa take ba. Na karɓi wayar na duba da idona. Sunan shi ne, launin rigar ma kusan shi ne, amma tambarin daban, filin daban, babu sunana, babu na ko mutum ɗaya cikin waɗanda muka yi wasa tare. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Maimakon in ce ni ma ban gane ba, a ba ni lokaci in bincika, sai na zazzaga masa baƙar magana a gaban manya, na tashi na bar wurin.

Washegari Alhaji ya kira ni. Cikin natsuwa ya ce shi bai ce na yi ƙarya ba, in dai zo shago mu zauna in fahimtar da shi. Na ce masa to, amma ban je ba. A raina ina cewa duk wanda sai na kawo masa shaida kafin ya yarda da ni, bai cancanci bayanina ba. Ita ma yarinyar ta yi ta kirana tana roƙo. Ta ce ita ta yarda da ni, amma Kawu ba zai iya ɗaukarta ya ba mutumin da gari ke kira maƙaryaci ba alhali shi mutumin ya ƙi buɗe baki. Na ce mata idan da gaske ta yarda da ni, ba sai an yi wani zama ba. Daga baya na daina ɗaukar wayarta. Iyaye suka janye yaransu ɗaya bayan ɗaya, na sauya masallacin Juma'a, na koma daga mota sai ɗaki. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji in bincika, domin tuna garin can na Romaniya yana dawo mini da ciwon da na binne. Ina cikin wannan hali sama da shekara, har labari ya iso ni cewa an ɗaura mata aure da wani.

Bayan auren da 'yan watanni, na sauke fasinja da hantsi a Sunnyside cikin Queens, sai na ji wasu mutane a ƙofar wani gidan abinci suna yaren Romaniya da na daɗe ban ji ba. Na ajiye mota na shiga, na gaishe su da harshensu. Mai wurin ya yi mamaki, ya kawo mini shayi. Da na faɗi sunan ƙungiyar sai ya girgiza kai, ya ce ai waccan ta daɗe da mutuwa, amma ya san wani ɗan garin da na buga ƙwallo, wanda ke aikin kula da gini a Ridgewood. Ya buga masa waya. Ba a jima ba wani tsoho ya shigo da kayan aiki a jikinsa. Kafin ya dubi fuskata, gwiwata ya fara duba. Ya ce yana cikin 'yan kallo ranar da aka fitar da ni daga fili a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ya kuma kira ni da laƙabin da magoya baya suka sa mini, wanda ko a Jos ba wanda ya sani. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Shi ya ba ni tarihin da ban sani ba. Ya ce kakanninsu masu haƙar kwal ne suka kafa ƙungiyar, mahaifinsa ma da shi aka share filin. Da aka rufe mahaƙar, sai ƙungiyar ta faɗa hannun wani ɗan kasuwa, ta durƙushe a hannunsa har aka rushe ta. Daga baya wasu suka ɗauki sunan suka yi wa sabuwa rajista a wani birni, su kuma mutanen gari suka kafa tasu daga ƙaramin rukunin gasa da wani suna, aka yi ta shari'a a kan wa ke da tarihin. Shi ya sa shafin da aka karanta mini ya fara lissafi daga ranar sabuwar rajista, mu da muka yi gumi a tsohuwar aka bar mu ba a ko'ina. Da na gaya masa abin da hakan ya jawo mini, sai ransa ya ɓaci, ya ce lallai sai ya bi ni Bronx.

Ranar Asabar na kai shi shagon Alhaji. Tsohon nan ya tsaya tsakanin buhunan shinkafa, da guntun Turancinsa da nuni da hannu, ya zayyana komai. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, ya gode masa, ya sa aka ba shi kujera. Sannan ya juyo gare ni ya ce da Hausa, "Ɗana, ai ni tun farko ba shaida na nema ba. Kai na nema ka zo." Ban taɓa jin maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba.

Labari ya bazu, mai shagon wayar ya zo har gida ya ba ni haƙuri, na yafe masa, ni ma na nemi tasa yafiyar. Yara sun dawo fili, yanzu sun fi na da yawa. Na yi aure daga baya, alhamdulillahi. Ita kuma tana Port Richmond da mijinta da 'ya'yanta, ina yi mata fatan alheri.

Abin da na koya shi ne, ba wayar mutumin nan ce ta raba ni da ita ba, girman kaina ne. Ina da gaskiya, amma na zaci gaskiya ba ta buƙatar in yi mata magana. Ina jan hankalin 'yan'uwa, musamman mu da ke zaune a ƙasar wasu inda ba wanda ya san asalinmu: kada ku yanke wa mutum hukunci da abin da kuka gani a waya, domin akwai rayuwar mutane da yawa da ba a rubuta ba. Idan kuma kai ne aka zarga, har babba ya kira ka ya ce zo mu zauna, to ka ajiye fushi ka je, ko da ba ka da abin faɗa sai "ban sani ba tukuna".