Mudi a Bakin Gadon Adda

A Ƙafin Maiyaki, idan mutum zai sayi shanun huɗa, yakan biya ta gidan Mudi tukuna. Ba dillali ba ne. Manomi ne kamar kowa, masara da dawa da 'yar albasa a fadama. Amma Allah ya ba shi ido a kan dabba. Ba ya saurin taɓa sa, ba ya saurin buɗe masa baki. Sai ya sami inuwa ya tsuguna, ya zuba masa ido har mai sayarwa ya gaji da surutu. Yakan ce dabba ba ta iya ɓoye ciwo ga wanda ya daɗe a kanta. Ko a tuƙa, ko a tsayuwa, wani wuri zai nuna. Da wannan ya yi suna, da shi kuma ya manyanta, don yanzu furfura ta ci rabin gemunsa.

Mahaifiyarsa Saudatu Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Ɗansoshiya, Mudi kuwa shi ne ɗanta na fari. Wanda ya san mutanen nan ya san abin da ke cikin wannan. Tun da aka yaye shi aka kai shi Ƙafi wurin kakarsa ta wajen uba, can ya girma. Saudatu ba ta taɓa kama sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce "mutumin Ƙafi". Shi kuma Adda yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Ƙannensa, Hafizu da autarsu Maijidda, su ne masu cewa Inna. In ya je gaishe ta takan juya fuska bango ta amsa, in kuma ya tarar tana cin abinci sai ta tura kwanon ƙarƙashin gado. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙi ba. Duk damina kwalbar man shanu na isowa gidansa, ba a faɗin wanda ya aiko, shi ma ba ya tambaya.

Bara, bayan an kawar da amfanin gona, ciwo ya kwantar da ita. Aka kai ta wani babban asibiti a Kano, aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini. Likita ya ja Mudi da Hafizu gefe ya ce ciwon daji ne, ya riga ya ci ciki, aiki ba zai yi amfani ba.

"Abin da ya rage," in ji likitan, "a sama mata inda za a kula da ita. A rage mata raɗaɗi, a riƙa juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ta ci abin da ranta ke so. Sauran na Allah ne."

Hafizu aikin ofis yake yi a Kano, ba ya samun barinsa. Maijidda tana Doguwa gidan mijinta, ta haihu, tana wankan jego. Zaɓi ya faɗo kan Mudi. A tasha Hafizu ya riƙe masa hannu yana jero masa abin da zai tambaya.

"Yaya, kada gini ya ruɗe ka. Ka tambayi nas nawa ce a kan marasa lafiya nawa. Ka tambaya ko suna da maganin ciwo mai ƙarfi. Ka kuma tambayi waɗanda ke kwance, su ne suka san gaskiya."

Mudi ya kwantar da Adda a gidansa, ya hau acaɓa ya shiga yawo. Ya je wani asibitin gwamnati, babbar nas ɗin ta ce masa, "Mu biyu ne da rana, ɗaya ke kwana. Gadajen kuma ga su ka gani da idonka." Ya je wani asibitin kuɗi a hanyar Tudun Wada, ga fanka, ga tayil, ga 'yan mata cikin fararen kaya suna kai da kawowa, aka ce masa nas-nas sai wadda ya zaɓa. Aka kuma kwatanta masa wata Husna a Bebeji, tsohuwar nas da ta ajiye aiki, tana bin marasa lafiya gida gida da jakarta.

Bai manta da tambaya ta uku ba. A asibitin farko ya tsaya kan wani tsoho da ƙashin haƙarƙarinsa ke ƙirguwa, ya ce, "Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Ana kula da ku kuwa?"

"Sai godiya."

A na biyu ma ya tambayi mutum uku, duka ukun da sauƙi, duka ukun sai godiya. Ya dawo gida da amsoshi cike da kai, kamar wanda ya dawo kasuwa da igiyoyi ba saniya. Can mutum biyu ne amma sun ga jiya sun ga yau. Nan suna da yawa amma yara ne. Waccan ita kaɗai ce, kuma sai ta hau acaɓa. Ya juya maganar ya sake juyawa, bai ga kanta ba.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ce zai kwantar da ita a wuri, ya zauna ya gani da idonsa.

Aka fara da na gwamnati. Da rana Mudi ne a kan tabarma gefen gadon, in ba salla ba ba ya tashi. Da magariba matarsa Ramla ta karɓe shi. Nas takan zo ta ce, "Mama, akwai ciwo?" Adda, fuskarta na bango, ta ce babu. Matan da ke sauran gadajen suna nishi, wata har kiran uwarta take yi, ita kuwa ko tari. Mudi ya ce a ransa lallai wurin nan ya karɓe ta. Sai dai kwanon kunu yana komawa yadda ya zo.

"Da dare tana cin wani abu?" ya tambayi Ramla.

"Malam, in na miƙa mata sai ta ce in ajiye, sai anjima. Ni suruka ce, da wane baki zan matsa mata?"

Ya buga wa Hafizu waya. Hafizu ya ce ƙarancin ma'aikata ne, ba mai zama ya lallashe ta, a mayar da ita na kuɗi. Aka mayar. Can kuwa ba a daɗewa sai nas ta leƙo. Su ma tambayar ɗaya ce, amsar ma ɗaya.

"Ba za ku yi mata allurar ciwon ba?" in ji Mudi.

"Baba, allurar nan tana da ƙarfi, ba a yin ta sai mara lafiya ya ce yana jin ciwo. Ga ta nan ta ce ba ta ji."

In za a juya ta sai ya fita ya tsaya bakin ƙofa, inuwarsa na kan labule. Daga ciki sai ya ji Adda na ce musu su bar shi, ɗazu ta juya da kanta.

A nan kansa ya ƙara kullewa. Lokacin sanyi ne, amma ga gumi a goshinta. Yatsunta sun damƙe bakin zane har jijiyoyi sun fito. Numfashinta gajere ne, irin na dabbar da ƙaya ta shige wa kofato tana ƙoƙarin tsayuwa daidai. Da sa ne, da tuni Mudi ya faɗi inda ciwon yake. Amma sa ba ya cewa da sauƙi. Ido ya gaya masa abu ɗaya, kunne ya gaya masa wani, shi kuma bai saba ƙaryata Adda ba. Sai ya ƙara matso da kujerarsa kusa, wai ko zai fi gani.

"To, Yaya, wanne ya fi?" in ji Hafizu a waya.

"Duka biyun ba ta kuka."

"Ai kuwa alhamdu lillahi."

"Duka biyun kuma tana ƙarewa."

Hafizu ma abin da ya sani ya ƙare.

Mudi ya ɗauko ta ya dawo da ita gida, ya aika Bebeji. Husna ta zo da hantsi, mace mai jiki, mai son raha, tana faɗa da ɗan acaɓan da ya kawo ta wai ya kusa zubar da ita a kwalbati. Ta duba bayan Adda ta ce fatar ta fara ja a ƙugu. Ta yi tambayar da kowa ke yi, ta sami amsar da kowa ke samu. Ta zauna bakin gado ta riƙe jakarta a cinya, ita ma ba ta san ta inda za ta fara ba.

Ana cikin haka Maijidda ta yi sallama. Ta yi arba'in, ta biyo motar safe daga Doguwa da jariri a baya. Ta shiga ɗakin ta durƙusa ta gaida uwarta, sannan ta dubi kujerar da Mudi ke kai, ta dubi yadda ƙafafunta suka lotsa daɓen.

"Yaya, tun yaushe kake zama a nan?"

"Tun da aka dawo daga Kano."

"Kullum?"

"In ba salla ba."

"A asibitin ma?"

"Wa zan bar wa?"

"Da dare fa?"

"Ga Ramla nan."

Maijidda ta dubi Ramla, ta sake duban yayanta. Ta kwance goyonta ta miƙa masa.

"Yaya, riƙe mini ɗanka ka kai shi zaure ya sha iska, motar nan ta dafa shi. Yaya Ramla, don Allah a ɗan dama mana fura, a sa nono da yawa."

Mudi ya karɓi jaririn ya fita. Bai kai zaure ba, goyon ya fara mutsu-mutsu, sai ya tsaya a inuwar rumbu, bayan ɗakin, yana jijjiga shi. Can sai ya ji wani sauti ta 'yar tagar. Da farko ya zaci wata dabba ce a maƙwabta. Nishi ne, dogo, mai fitowa daga can ƙasa, irin wanda aka daɗe ana riƙewa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin wannan muryar ta yi haka ba.

"Auta," in ji Adda, "cikina wuta. Bayana kamar an kwantar da ni a kan garwashi."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun Kano."

Ya ji Husna na zuge jaka. Ya ji ana cewa a kama nan, a ɗaga can. Bayan wani lokaci nishin ya lafa, sai ƙarar ludayi a ƙwarya. Sannan muryar ta sake fitowa, ƙasa ƙasa.

"Mutumin Ƙafi ya tafi?"

"Ya tafi, Inna."

"Ya rame. Ba ya cin komai, yana zaune. A zuba masa furar nan."

Mudi ya dubi jaririn, jaririn ya dube shi. Bai san ko murna zai yi ba, ko me. Ya tuna tabarmarsa ta asibitin farko, ya tuna inuwarsa a labulen na biyu, ya rasa wa zai ba laifi a cikin nas-nas ɗin nan duka. Ya lallaɓa ya wuce zaure a kan yatsun ƙafa.

Ran nan da la'asar ya fitar da kujerarsa daga ɗakin. Ba wanda ya ce ya fitar, ba kuma wanda ya ce ya mayar. Maijidda ta zauna jinya. Husna tana zuwa kowace safiya da maganinta da faɗanta da 'yan acaɓa, ta koya wa Maijidda yadda ake juya mutum da zane ba tare da an ja masa fata ba. Jan da ke ƙugun bai zama gyambo ba. Ƙwaryar fura takan fito ɗakin rabi, wata rana ma a suɗe.

Shi kuwa sau ɗaya yake zuwa, bayan ya dawo daga masallaci da safe. Ya tsaya daga waje, bai ɗaga labule ba.

"Adda, yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Sai ya juya, yana jan takalmansa a ƙasa da ƙarfi har zaure, don a ji ya tafi.

Adda ta cika kafin ruwan farko, da rana, tana barci, kanta a cinyar Maijidda.

Tun daga nan mutanen Ƙafi suka ƙara wa Mudi wani aiki. Duk wanda likita ya ce ya koma da tsohuwarsa gida sai a ce ya je wurin Mudi, ai shi ya zaga wuraren nan duka. Sukan same shi a zaure su ce, tsakanin na gwamnati da na kuɗi da matar Bebeji, wanne ya fi? Yakan daɗe yana murza gemu. Ya ce na farko mutum biyu ne, na biyu suna da yawa, ta uku ita kaɗai ce. Wannan kam ya gani. Wanda ya fi kuwa, har yau bai sani ba.

In mai tambayar ya tashi zai tafi, sai ya ce masa, "Tsaya. Kai ne na fari a wurinta?"