Haƙoran Buba biyu da na cire

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni ba likita ba ne, aji uku na yi a firamare aka gaji da ni. Shara na yi wata bakwai a wani ƙaramin asibiti, daga nan mutanen Bukan Sidi suka fara ce min Dokta, ni kuma ban taɓa hana su ba. Da wannan suna na cire wa aminina Buba haƙoran gaba biyu da filaya, alhali ɗaya ne ke masa ciwo. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Buba Bafulatani ne, rugarsu na wajen Arikya. Ni kuwa Babarbare. Duk ɗan Lafia ya san abin da ke tsakaninmu, wasa ne tun na kakanni: in ce masa bawana, ya ce min bawansa, kuma ba a fushi komai zafin tsiya. Shekarar da aka ba mu jiha ya zo min da leɓe a kumbure. Na ce ya tafi asibiti? Ban ce ba. Na kifa masa turmi ya zauna. Na kama na farko na fizge, ya tofar da jini, ya laluba da harshe, ya ce, "Bawa, mai ciwon fa yana nan." Sai na koma na cire na kusa da shi.

Wata guda ana dariyar abin a kasuwa, kuma ni na fi kowa iya ba da labarin.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, Buba da fito yake kiwo. Yana tsaye a kan tudu zai matse iska tsakanin haƙoransa, shanun da ke ƙetaren rafi su ɗago kai su juyo. Da idona na gani ranar da na kai masa ziyara: ya gwada sau uku, iska kawai ke fita, shanu na ta cin ciyawarsu. Babban ɗansa Jibo ya yi sau ɗaya, suka taho. Daga daminar nan Buba bai ƙara fita kiwo ba. Na sayo masa haƙorin roba, da ya hura sai ga haƙorin a ƙasa, wata karsana na sunsuna shi.

Sau biyu na je neman gafara. Ina cewa "Buba, don Allah ka yafe min," sai mutanen wurin su fashe da dariya, suna jiran inda tsiyar za ta ɓullo. Shi ma ya dara, hannu a baki, ya ce, "Yaushe bawa ya fara laifi? Laifin na ubangidan da ya buɗe masa baki ne." Yafiya ce wannan ko wasa? Har zazzaɓi ya ɗauke shi ban san amsar ba. Wasan da ya haɗa mu shi ya hana a ji ni.

To, ga yau. Goro da rake sun gama da nawa haƙoran gaban, 'yata ta ja ni Abuja aka yi min abin da ake kira dashen haƙori. Huda ƙashin baki ake yi a ɗaura ɗan ƙarfe kamar ƙusa, a jira watanni ƙashi ya kama shi, sannan a dasa haƙori a kai. Kafin likitan ya taɓa ni sai da ya ɗauki hoton bakin, ya ƙwanƙwasa guntun da zai cire, ya tambaye ni har sau biyu, "Baba, wannan ne?" Gumi ya karyo min. Ya ɗauka tsoron allura ne.

Da Buba na raye, na san zai ce an mai da bakin bawa ƙofar shago, har da ƙusa. Daga baya kuma, in mutane sun watse, zai tambaya a hankali ko abin yana fito. Yana yi. Na gwada a bayan gida, sautin ya fita tsaf, har akuyar maƙwabta ta waiwayo. Ni da ko ɗan maraƙi ban taɓa mallaka ba.

Tun ranar ban zauna lafiya ba. Harshena ba ya barin wurin. Makon jiya na kasa haƙuri, na hau acaɓa na nufi rugar ba tare da na san abin da zan ce ba.

Bukkar Buba ta rushe, sandarsa ma ba a san inda take ba. Abin da ya rage shi ne fiton. Jibo, wanda yanzu furfura ta fara fito masa, irin na ubansa yake yi sak, gajere biyu da dogo ɗaya, kuma shanun da ba su taɓa ganin Buba ba suna amsa masa. Na tsaya ina ji.

Aka kawo min kindirmo, aka fara tsokanar Barebari kamar kullum, na manta na wangale baki ina dariya. Jibo bai yi dariya ba. Ya daɗe yana duban bakina, sannan ya yi min wata tambaya ba da wasa ba.

"Baffa, ashe ana mayarwa?"