Yadda Na Shanye Faten Rumfa Ni Kaɗai

Karatuna a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, kuma ba korata aka yi ba, ni da makarantar ne muka dubi juna muka ga ba mu dace ba. Tun daga nan nake da ɗan teburina na cajin waya a bakin titi wajen Ƙofar Doka. Ina sayar da caja, ina tura wa mutane waƙa ko wa'azi, ya danganta da wanda mutum ya fi buƙata ranar. In ana lissafin waɗanda suka yi wa garin nan aiki ba na sa ran a kira ni. Amma akwai aiki ɗaya da na yi da cikina, kuma har gobe ina tinƙaho da shi.

A layinmu muna ciyayya. In an idar da azahar kowa zai ɗauko abincin da aka aiko masa daga gida, a kai rumfar Baba tela, a jera, a buɗe, a ci tare. Baba tela shi ne dattijon layin, kuma dokarsa ɗaya ce: kwano ba ya komawa gida da abinci. Ya ce matar da ta wuni gaban murhu, in kwanonta ya dawo mata yadda ta aiko shi, ka zage ta ba ka buɗe baki ba. Ko tuwo ya yi gudaji, ko gishiri ya zarce, sai an ga gindin kwano.

Cikinmu akwai mai gyaran babur da muke ce wa ɗan Wusasa. Bahaushe ne, Kirista, Hausarsa ma ta fi tawa tsabta. Ya daɗe a layin, ya riga ni. Mamarsa ce ke aiko masa da fate a langa ta hannun wani ɗan acaɓa. Faten tsaki, da yakuwa da gauta da gyaɗa, ga ɗan nama tsilli-tsilli, kuma naman daga wajen mahautan cikin gari take aikowa a sayo, don kada waninmu ya ɗauki cokali da shakka. Mu Zage-zagi kun san mu da fate. Langar nan ita ake fara buɗewa, ita ake fara gamawa.

Sai yaƙin Gaza ya ɓarke. Ni da nake riƙe da wayoyin mutane na fi kowa sanin abin da ke ciki. Duk wayar da na zare daga caji, hoton yaro ne an ciro shi daga ƙarƙashin gini. Akwai ranar da na kasa yin barkwanci tun safe har la'asar, mutane suka ɗauka zazzaɓi nake. A masallaci ana alƙunutu. Masu adaidaita sun manna tutar Falasɗinu a bayan kekunansu, wasu ma a kife, amma niyya ta isa.

A lokacin ne ɗan ƙanin Baba tela ya fara zuwa rumfa. Ɗan jami'a ne, yana karanta siyasar duniya, ni kuma Farfesa nake ce masa. Ba mugun yaro ba ne. Abin ne ya shige shi har ya rame, idonsa kullum ja. Wata rana muna wanke hannu ya ɗaga wayarsa ya nuna mana bidiyon wata coci a can kudu, an kafa tutar Isra'ila kusa da fasto, ana rawa.

Ya ce, "Ku gani. Duk haka suke. Ana kashe jarirai, su suna kaɗa tuta. Coci-coci sun riga sun zaɓi ɓangare."

Ɗan Wusasa yana goge baƙin mai a hannunsa, ya ce, "Malam, cocinmu ba tuta. Ka zo ka duba."

"Amma kuna yi wa Isra'ila addu'a ko ba kwa yi?"

"Akwai masu yi. Sunan na cikin littafinmu, tsofaffi tun suna yara suke jin sa. Akwai kuma masu yi wa yaran Gaza. Mamata na yi." Sai ya ɗago. "Ku fa a jami'a? Lacca kan Falasɗinu, taro kan Falasɗinu, takarda a kowane bango. Da aka shiga ƙauyen kawuna aka kashe mutane, nan kusa, mota ɗaya za ka hau, wa ya yi lacca? Mu ma muna cewa jami'a ta zaɓi ɓangare."

Na ce, "To, coci ta zaɓa, jami'a ta zaɓa, ni ma na zaɓi fate. A buɗe langa."

Ba wanda ya yi dariya. Farfesa ya ja kwanon shinkafarsa gefe ya ce shi dai ba zai iya ba. Mai facin layinmu ya bi shi. Mai aski ya kalli ƙasa. Baba tela, wanda nake jira ya tsawatar, bai yi ba, don shi ma a makon ya ga wani bidiyo da ya sa shi kuka a kan keken ɗinkinsa. Kowa ya ci abincin kowa, aka tsallake langa. Ɗan Wusasa bai sa hannu a ko ɗaya ba. Ya miƙe ya ce, "In ɗan acaɓa ya zo ku ba shi. Zan gaya mata ta daina wahala." Ya koma wajen baburansa.

Na zauna ina kallon langar, tururi na fita ta gefen murfi. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ba, amma na shekara ina shan gishirinta. Na hango ta ta ɗaga murfi da yamma ta tarar da faten ya sandare yadda ta zuba shi. Daga ranar langa ba za ta sake zuwa ba, kuma mutumin da kwanonsa ba ya zuwa rumfa, shi ma ƙafarsa daina zuwa take yi.

Na riga na ci tuwo na ƙoshi. Na jawo langar na buɗe.

Farfesa ya ce, "Kai ba ka da kishi ne?"

Na ce, "Ina da shi, Farfesa. Yanzu haka yakuwar nan nake yi wa tambayoyi, in na gano 'yar leƙen asiri ce zan sanar da kai."

Na sha. Na kwance maɓallin wando na ci gaba. Faten da rumfa guda ke rabawa, ni kaɗai na kai shi ƙasa, na sa yatsa na suɗe. La'asar ɗin ranar da ƙyar na yi ruku'u.

Washegari ɗan acaɓa ya tsaya, ya sauke kaya. Ba langa ba ce. Samira ce, wadda ta ninka langar. Ya ce, "Mama ta ce ta ga jiya an suɗe, da alama bai ishe ku ba."

Ɗan Wusasa ya kalle ni, na kalle shi. Ya zauna ya ɗan sha, ni kuma na yi jihadin sauran. Mai aski ya ce in na mutu shi ba zai yi ƙarya a wajen jana'iza ba, zai ce fate ne. Na ce, "Ka zo ka karɓi rabonka na shahada mana." Ya leƙa samirar, ya haɗiyi yawu, ya kau da kai.

Rana ta gaba ɗan acaɓa ya zo yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko mai ciki. Kula ce, irin ta gidan biki, an ɗaure ta da roba a bayan babur. Ina ganin ta na miƙe. Na je gaban Baba tela na durƙusa.

Na ce, "Baba, dokar nan taka ce ko tawa? Ni kaɗai nake riƙe maka ita, cikina ya kai bango. Ko dai ka soke ta a gaban kowa, ka ce daga yau kwano na iya komawa da abinci, ko ka sa a taya ni."

Baba ya daɗe yana kallon kular. Ya cire tabaraunsa ya goge. Sannan ya ce, "Miƙo min cokali, ɗan banza."

Ya yi bisimilla ya kai baki. Mai aski bai jira an kira shi ba. Mai faci ya ce shi dama gautan ne ba ya so, amma zai daure. Farfesa ya zauna da shinkafarsa yana ta bayani kan yadda aka raba ƙasar tun farko, ɗan Wusasa na ba shi amsa, murya na tashi. Ni dai na tura kular kusa da gwiwar Farfesa. Yana tsakiyar wata doguwar magana kan manyan ƙasashe na ga cokalinsa ya shiga. Bai ma tsaya ba, ya ci gaba da bakinsa cike.

Bayan an kwana biyu na raka ɗan Wusasa gidansu ɗauko wani inji. Mamar na zaune a tsakar gida tana gyaran yakuwa, 'yar ƙaramar tsohuwa da tabarau. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Kai ne mai cikin?"

Na ce, "Ni ne, Mama. Ashe kin ji labari."

"Tun ranar farko ya gaya min komai. Ya ce in daina aikowa, yaro ɗaya ne ya shanye don kunya."

"To, Mama, kin san ni kaɗai ne kika ƙara?"

Ta ce, "Da na bar shi a langa ai da kullum kai kaɗai za ka yi ta sha, su suna kallo. Na ce bari in zuba wanda ya fi ƙarfinka."

Na ce, "Saura kaɗan ki kashe ni."

Ta yi dariya har ta ajiye tiren. Ta tambaye ni yaron jami'ar, ko ya fara barci. Ta ce in gaya masa ita ma ba ta iya kallon hotunan nan.

Na gaya masa. Farfesa ya ce wannan bai canza maganar tuta ba. Ɗan Wusasa ya ce bai canza maganar lacca ba. Har yau gardamar ba ta mutu ba, in labarai suka yi zafi sai ta tashi, wani lokacin har Baba ya buga almakashi a tebur. Ni ra'ayina yana nan manne a gefen teburina, tutar Falasɗinu ce, kuma tawa ba a kife take ba. Langar ma ta dawo girmanta na da. Sai dai yanzu in an buɗe ta ni ake fara miƙa wa cokali, kuma ba na cewa a'a.